Rayuwar Yau da Kullum ta Ɗalibin Nazarin Al'adu a Fagen Bincike: Misalin Shirin Chiapas na Jami'ar Harvard

1.0 Gabatarwa

Ilmin nazarin ɗan'adam da al'adunsa, wanda ake kira antiropoloji, ya sha bamban da sauran fannonin ilmin zaman jama'a ta wajen hanyar da yake bi ya tara bayanansa. Masanin tarihi yakan dogara ga takardu da ruwayoyi, masanin tattalin arziki kuma ga alƙaluma. Shi kuwa mai nazarin al'ada babbar madogararsa ita ce zama cikin mutanen da yake nazari, ya ci abin da suka ci, ya kwana inda suka kwana, ya ji harshensu, sa'an nan ya rubuta abin da ya gani. Wannan hanya ta kafu sosai ne bayan zaman da Bronislaw Malinowski ya yi a tsibiran Trobriand, gabas da Niyu Gini, tsakanin 1915 da 1918, da kuma littafin da ya fitar game da su a 1922.

To, da yake irin wannan zama ba a iya koyonsa a aji, sai wasu jami'o'i suka riƙa kai ɗalibansu wata ƙasa su yi 'yan watanni a ƙarƙashin kulawar malami. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ɗalibi kan yi yininsa a irin wannan horo, ta yin amfani da misali guda wanda tarihinsa yake a rubuce, watau shirin binciken da Jami'ar Harvard ta Amurka ta gudanar a jihar Chiapas ta ƙasar Meksiko. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, gidan da aka sauki ɗalibi, da wanda ya ci abinci tare da shi, da aikin da aka yarda ya sa hannu a ciki, su ne suke yanke iyakar abin da zai gani, daga nan kuma su yanke iyakar abin da zai rubuta.

2.0 Asalin Shirin da Wurin da Aka Yi Shi

Farfesa Evon Z. Vogt (1918–2004) shi ne ya kafa shirin a shekarar 1957, ya kuma jagorance shi fiye da shekara 20. Chiapas tana can kudancin Meksiko, kan iyaka da Gwatamala. Cibiyar shirin tana garin San Cristobal de las Casas, wanda yake kan tsaunuka, sama da mita 2,000 daga doron teku. Yawancin binciken an yi shi ne a gundumar Zinacantan, kimanin kilomita 10 yamma da garin, sai kuma maƙwabciyarta Chamula. Mutanen waɗannan gundumomi jikokin al'ummar Maya ne, harshensu kuwa Tzotzil. A ƙidayar 1960 mutanen Zinacantan ba su wuce kimanin 7,600 ba, kuma akasarinsu ba a tsakiyar gunduma suke zaune ba, suna warwatse ne a ƙananan ƙauyuka irin su Paste' da Apas da Nabenchauk.

Da farko ɗalibai masu neman babban digiri ne suke zuwa. Daga 1960 sai aka fara kai masu karatun digiri na farko a lokacin dogon hutu, a ƙarƙashin wani haɗin gwiwa tsakanin jami'o'in Columbia da Cornell da Harvard, wanda daga baya Jami'ar Illinois ta shiga. Wannan haɗin gwiwa yana da wasu sansanoni a Peru da Ikwado da Birazil. Alal misali, ta nan ne Conrad Kottak ya fara zuwa ƙauyen masunta na Arembepe a Birazil a 1962. Amma na Chiapas ne ya fi daɗewa, har ɗaliban da suka ratsa ta cikinsa suka haura 100.

3.0 Shiri Kafin Tafiya

Babban abin da ɗalibi yake fara fuskanta tun yana Amurka shi ne harshe. A shekarun 1960 Sifaniyanci bai wadatar ba a ƙauyukan Zinacantan, domin mata da tsofaffi da dama ba sa jin sa. Saboda haka sai aka riƙa koyar da Tzotzil a Harvard kafin tafiya, har ma akan kawo 'yan asalin harshen daga Chiapas su taimaka wajen koyarwa.

Harshen yana da baƙaƙe masu tunkuɗo iska daga maƙogwaro, waɗanda ake rubutawa k' da ts' da ch' da t' da p'. Biyu na farko ba za su ba Bahaushe wahala ba, don kuwa sun yi daidai da ƙ da ts na Hausa, amma ga ɗalibin da Ingilishi ne harshensa na gado aiki ne ja. Ƙidayarsu kuma bisa ashirin-ashirin take tafiya: 40 ita ce cha'vinik, watau "mutum biyu", domin yatsun hannu da na ƙafa na mutum ɗaya 20 ne. Har ila yau kalma guda, k'op, tana ɗauke da ma'anar magana da harshe da rigima da shari'a. Yawan abin da ke cikin harshen ya bayyana a ƙamusun da Robert Laughlin ya fitar a 1975, mai ɗauke da kalmomi wajen 30,000, bayan aikin fiye da shekara 10. Ɗalibin da ya yi 'yan watanni yana koyo kuwa yakan isa ne da ɗan abin gaisuwa da tambaya kawai. Sauran sai a bakin murhu.

4.0 Yini Guda a Gidan Masauki

4.1 Ɗaki da abinci

Ɗalibai sukan isa a watan Yuni, su tashi a wajen ƙarshen Agusta, watau a tsakiyar damina. Bayan 'yan kwanaki a San Cristobal sai a kai kowa gidan da aka roƙa masa masauki. Gidan Zinacantan na wancan zamani yawanci ɗaki ɗaya ne, na jinka ko na tubalin ƙasa mai rufin fale-falen yumɓu, daɓensa ƙasa, murhu a ciki, ba kuma wata kafar fitar hayaƙi sai ta rufin. A nan ake girki, a nan ake ci, a nan ake ajiye masara, a nan kuma iyali duka suke kwana, wasu a kan tabarma, wasu a kan gadon katako. Ɗalibin da ya saba da ɗakinsa shi kaɗai yakan tarar ba shi da wani lokaci da ido ba ya kansa. Ga sanyin tsauni da hazo, ga hayaƙi mai sa hawaye, ga ƙuma, ga ciwon ciki wanda da wuya baƙo ya tsallake shi.

Tun kafin asuba matan gida suke tashi su hura wuta. Masarar da aka dafa tun daren jiya da ruwan ƙonannen farin dutse, don ta yi laushi ta saki ɓawo, ita za a wanke a niƙa, sa'an nan a riƙa marmatsa ƙullin da tafin hannu har ya yi faɗi, a gasa a kan faffaɗan kasko. Wannan ita ce tortiya, abincin safe da rana da dare. Akan ci ta da wake ko ganye, da gishiri da barkono. Kaza kuwa sai ranar biki ko ranar yi wa marar lafiya magani. Kafin a ci akan miƙa ruwa a wanke hannu a kurkure baki. Maza suna zaune a kan 'yan gajerun kujeru, mata suna durƙushe a ƙasa kusa da wuta suna miƙo tortiya da zafinta.

Ya kamata a lura cewa wannan sa'a ta cin abinci ita ce ajin ɗalibi na farko. A nan yake ganin wa ake fara ba, wa yake magana wa yake shiru, surukar gida ina take zama, wace magana ce ake sassauta murya idan an zo kanta. Tambaya ba ta fito da irin waɗannan abubuwa, domin masu gidan kansu ba su ɗauke su a bakin abin faɗa ba.

4.2 Aikin maza da na mata

Da gari ya waye sai gida ya rabu biyu, ɗalibi kuma dole ya bi ɓangare ɗaya. Namiji yakan ɗauki fartanya ya bi maza gona. Da yake ƙasar kan tsauni ba ta isa ba, mutanen Zinacantan da yawa sukan yi hayar gona a kwarin kogin Grijalva, wanda suke kira ƙasar zafi, su yi kwanaki a can suna noman masara. Ɗalibin da ya bi su yakan san kuɗin haya da ladan 'yan ƙwadago da kuɗin dakon hatsi, ya kuma ji irin hirar da maza suke yi idan babu mata. Ɗaliba mace kuwa takan bi mata ɗiban ruwa da itace, wanda suke goyawa a baya da maɗaurin da ake ratayawa a goshi, ko kiwon tumaki, ko kuma ta zauna wajen saƙa. Masaƙarsu irin wadda ake ɗaure gefe ɗaya a jikin itace ce, ɗaya gefen a ƙugun mai saƙa.

Wannan rabuwa ta fito fili a cikin ayyukan da shirin ya haifar. Jane Collier, wadda ta fara zuwa tana ɗalibar digiri na farko, ta yi rubutu a kan neman aure da zaman aure, daga baya kuma a kan yadda ake sasanta rigingimu (1973). Frank Cancian ya yi nasa a kan muƙaman addini na maza da dukiyar da suke ci (1965). Patricia Greenfield ta nazarci yadda 'yan mata suke koyon saƙa a Nabenchauk a 1969 da 1970, ta koma a 1991 ta tarar 'ya'yan waɗancan 'yan mata sun fi koyo da kansu ta hanyar gwaji, suna kuma ƙago sababbin zane, saɓanin iyayensu da aka koya wa hannu da hannu. Kowane ɗayansu abin da zamansa ya kai shi gare shi ya rubuta.

4.3 Gaisuwa da sanin girma

Mutanen Zinacantan suna raba kusan kome gida biyu: bankilal da its'inal, watau wa da ƙane. Ana faɗin haka ga 'yan'uwa, ana faɗinsa ga masu muƙami, har ga duwatsu masu tsarki da gicciyen da ake kafawa a bakin rijiya. A gaisuwa, ƙarami yakan sunkuyar da kai gaban babba, shi kuma babban ya taɓa masa goshi da bayan hannu, alamar ya sallame shi. Tsararraki ne kawai suke taɓa hannu. Ke nan ɗalibi ba zai iya gaisawa da kowa daidai ba sai ya san wane ne ya girme shi, wane ne ya girma. Idan ya sunkuya wa yaro ya zama abin dariya, idan ya miƙa wa dattijo hannu ya zama marar ladabi. Ta haka gaisuwa kaɗai take tilasta masa ya haddace tsarin shekarun mutanen unguwa, abin da ƙila da takarda da alƙalami zai ɗauke shi makonni.

4.4 Kwalba da dare

Wani abin da yake gwada ɗalibi shi ne barasar rake da ake kira pox, ana furta ta "posh". A wancan zamani ba a neman wata babbar alfarma, ko rance ko aure ko taimakon mai magani, sai an ajiye kwalbarta a gaban wanda ake roƙo. Karɓar kwalbar daidai take da amsa roƙon, kusan yadda karɓar goron gayyata yake ɗora wa mutum nauyin halarta. A wurin biki kuma akan zagaya da ɗan ƙaramin kofi guda, daga babba zuwa ƙarami, ƙin karɓa kuwa raini ne. Sai dai al'adar ta tanadi mafita: wanda ba zai iya shanyewa ba yakan juye rabonsa cikin wata kwalba da yake ɗauke da ita, ba kuma wanda zai ga laifinsa. Ɗalibin da bai gane wannan da wuri ba yakan wayi gari ba lafiya, ba kuma abin da ya tuna ya rubuta.

Dare shi ne lokacin magani. A imanin mutanen, kurwar mutum, ch'ulel, kashi 13 ce, kuma firgita ko faɗuwa na iya sa wani kashi ya fita, musamman ga yara. Shi ya sa uwa kan share wurin da ɗanta ya zauna da mayafinta kafin su tashi, don ta tattaro kurwarsa. Idan ciwo ya yi tsanani sai a kira h'ilol, watau mai gani, ya taɓa jijiyar hannu ya faɗi dalili. Daga nan a tanadi kyandir da turaren wuta da furanni da kaji, a bi wuraren ibada na kan duwatsu ana addu'o'i masu jimloli bibbiyu masu amsa juna, wani lokaci har gari ya waye. Ɗalibin da gidansu ya yarda da shi akan ba shi wani abu ya riƙe a cikin tafiyar. Wanda ya kai watan Agusta kuma yakan ga bikin San Lorenzo, waliyyin garin, inda masu muƙaman addini suke fitowa. Waɗannan muƙamai hawa 4 ne, kowanne na shekara guda, mai riƙe da shi kuwa daga aljihunsa yake ciyarwa da shayarwa, har yakan ci bashi mai yawa. Duk da haka a shekarun 1960 sai da aka riƙa rubuta sunayen masu jira na shekaru masu zuwa, saboda girman da muƙamin yake jawowa.

5.0 Rubuta Bayani

Ba a kowane wuri ake fito da littafi da alƙalami ba. A wurin addu'a ko rigima rubutu yana jawo zargi, haka ma ɗaukar hoto. A cikin majami'ar Chamula ma an hana shi ɗungum. Don haka ɗalibi yakan riƙe abu a ka, ko ya ɗan karta kalma biyu uku a ɓoye, sai ya sami sarari ya cike. Bayan kwanaki a ƙauye yakan koma San Cristobal ya yi wanka, ya sha magani, ya zauna gaban tafireta ya buga duk abin da ya tara. Ƙa'idar shirin ita ce bayanan kowa na kowa ne: akan ajiye kofe a ma'ajiyar shirin, wanda ya zo baya ya karanta ya ɗora. Wannan ne ya sa ɗalibin wata 3 yake iya yin aiki mai ma'ana, tun da ba daga tushe yake farawa ba.

A garin ne kuma ake doguwar hira da masu ba da bayani, waɗanda ake biya ladan yini. Wasunsu sun koyi rubuta Tzotzil, suka riƙa rubuta tatsuniyoyi da mafarkai da bayanin bukukuwa da hannunsu. Daga irin wannan zama ne John Haviland ya tattara hirarrakin tsegumi ya fitar da littafi a 1977, inda ya nuna cewa ta tsegumi ne jama'a suke bayyana ƙa'idojin zamansu, suna kuma auna juna da su.

6.0 Abin da Zaman Ya Nuna da Abin da Ya Ɓoye

Babu shakka shirin ya tara ilmi mai yawa. Littafin Vogt na 1969 a kan Zinacantan, da na Victoria Bricker a kan barkwanci cikin bukukuwa (1973), da na Gary Gossen a kan adabin baka na Chamula (1974), duk daga wannan zama suka fito. Amma tun daga shekarun 1970 aka fara sukar sa. Masana irin su Jan Rus da Robert Wasserstrom sun nuna cewa an zana waɗannan ƙauyuka kamar wasu tsibirai da suka adana al'adar Maya ta dā, alhali mulkin mallakar Sifaniyawa, da ƙwace filaye, da ƙwadago a gonakin kofi, da siyasar jam'iyya mai mulki, duk suna da hannu wajen gina abin da ake kira gargajiya.

Idan aka duba da kyau za a ga tushen wannan rauni yana cikin rayuwar yau da kullum da aka bayyana a sama. Gidan da zai iya saukar baƙo ya ciyar da shi yawanci gidan mai ɗan hali ne, ko mai kusanci da shugabanni. Wanda zai bar gona ya zauna hira a gari mutum ne da ya saba da baƙi. Lokacin zuwan ɗalibai kuma damina ce, ba lokacin da matalautan tsaunin, musamman na Chamula, suke gangarawa gonakin kofi ba. Saboda haka biki da addu'a da muƙami suna kusa da idon ɗalibi, bashi da ƙwadago da ƙaura kuwa suna nesa. Da aka fara korar dubban mutane daga Chamula daga 1974 bisa dalilan addini da siyasa, sa'an nan 'yan tawayen Zapatista suka shiga San Cristobal ranar 1 ga Janairu 1994, sai ta bayyana cewa akwai rigingimun da rubuce-rubucen farko ba su ba su haƙƙinsu ba. Sai dai adalci ne a faɗi cewa 'yan shirin da suka daɗe suna komawa sun gyara da kansu. Cancian ya rubuta littafi a 1992 a kan yadda haɗin kan Zinacantan ya raunana, George Collier kuma, wanda shi ma da ɗalibta ya fara, ya fitar da nasa a 1994 a kan matsalar ƙasar noma da tawayen.

Akwai kuma batun bashin da ke kan baƙo. Ɗalibi yakan koma gida da digiri, mai masauki kuwa yana nan inda aka bar shi. Wasu sun rage wannan bashi ta zama iyayen baftisma ga 'ya'yan gidan, dangantakar da take ɗora nauyin taimako har ƙarshen rai. A farkon shekarun 1980 kuma wasu daga cikin masu ba da bayani, tare da taimakon Laughlin, suka kafa ƙungiyar marubuta mai suna Sna Jtz'ibajom, watau Gidan Marubuci, don su riƙa wallafa adabinsu da koyar da karatu cikin harshensu.

7.0 Kammalawa

An ga yadda ɗalibin shirin Chiapas yake yininsa, daga tashin asuba a ɗaki mai hayaƙi zuwa gona ko masaƙa, daga gaisuwa zuwa kwalba, daga addu'ar dare zuwa tafireta. An kuma ga cewa kowane ɗayan waɗannan yana buɗe masa wata ƙofa yana rufe wata. Ƙasar Hausa ma tana da shaidar haka. Lokacin da M. G. Smith yake bincike a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, matarsa Mary Smith ce ta iya zama da Baba ta Karo ta rubuta tarihin rayuwarta, wanda aka buga a 1954. Abin da ya fito a ciki game da aure da kishi da ƙawance na mata, namiji baƙo ba shi da hanyar jin sa.

Saboda haka malamin da zai tura ɗalibi nazarin wata al'ada, ko a wata ƙasa ko a ƙauyen da ke bayan jami'a, ya kamata ya tambaye shi fiye da adadin mutanen da ya yi hira da su. A gidan wa ya sauka, kuma mene ne matsayin mai gidan a gari? Wane lokaci na shekara ya je? Su wa ba su taɓa zama da shi ba, don me? Me ya bar wa waɗanda suka ciyar da shi? Amsoshin nan ya dace su shiga cikin kundin binciken kansa, domin da su ne mai karatu zai auna nauyin sauran abin da aka rubuta. Gani ya kori ji, amma mai gani daga inda yake zaune yake gani, mai ɗaki kuma shi ya san inda yake masa yoyo.